Jegon Huren Takalmi

Duk wanda ya dawo daga Abijan da tsarabar da yake kawo ma gida: wani rediyo, wani keken ɗinki, wani tari. Ni da na dawo Tama bayan shekarun da na yi ina aikin lambun hure can, kwali na sauko da shi daga mota, na rungume shi kamar jariri. Mutane sunka biyo ni har gida suna jiran a buɗe. Na buɗe. 'Yan tsirrai ne, kowane da ganye biyu ko ukku, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba.

Yayana, wanda tun tashinshi bai san komi ba sai albasa, ya duƙa ya dube su da kyau.

"Wace irin albasa ce wagga?"

"Ba albasa ba ce, Yaya. Orkide sunanta. Hure take yi, mai ɗan aljihu kamar gaban takalmi."

"In ta yi huren fa?"

"A duba."

"Sannan?"

"A ƙara dubawa."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce ma mutane su tahi gida, ƙanenshi ya gaji da hanya.

Ita wagga shuka, duk abin da Adar ke da shi ba ta so. Rana dai ba a magana. Ƙasa kuma, sai ɓawon kwakwa da gawayi. Ruwan rijiyarmu mai nauyi ƙona mata saye yake, sai na sama. Na share ɗakin marigayiya innarmu, don ya hi kowane sanyi. Na ɗora pano mai ɗaukar hasken rana bisa soro, na jawo waya, na rataya ampul, ƙwan hitila dogo fari, bisa tsirran, da ɗan banti mai kaɗa masu iska. Na jera randuna, na rataya jiƙaƙƙun buhuna ga taga. Da sahe in kunna, da magariba in kashe. Na yi masu rana tasu, mai ladabi, wadda ba ta cizo.

Ana haka sai ga taubashiyata, ɗiyar kawuna, da ƙwarya bisa kai. Tun muna yara bawanta take ce mani. Ta tsaya bakin ƙofa ta yi guɗa.

"Bawana, barka da arziki! An ce ka sauka lahiya. Kunun kanwa ne, sha ka samu nono."

"Uwargijiyata, kin makara. Ina naman kauri?"

"Ɗiyan sun yi kama da wa?"

"Da ke. Ba su aikin komi, sai a yi masu hihita."

Na shanye kunun gabanta, don ya yi daɗi. Daga rannan sunana ya zama Mai Jego. Bakin masallaci a ce, "Ya jego?" In ce, "Da godiya." A ce, "Ina 'yan jariran?" In ce, "Suna barci, ku rage murya." Ban taɓa jin haushi ba. Na yi Kotonu, na yi Duwala, an kira ni abin da ya hi wanga muni cikin harsunan da ban ji.

Da bazara ta kama, sai maganar ta bar wasa. Yaya ya sayi ɗan pampo na garkarshi cikin fadama, irin mai aiki da rana, amma panon da anka haɗa mashi bai isa ba. Ya fara kallon sorona. Ya ce albasa na jin ƙishirwa, ni ina haska ma ciyawa hitila da rana tsaka. Na ce a'a. Ya ce ko mace arba'in take yi ta hito yawo, wanga wane irin jego ne da ba ya ƙarewa? Na ce na ɗiyan ga shekaru ne. Ya juya ya tahi, ni kuwa na ɗauka an gama.

Ranar kasuwar Buza na tahi neman buhuna. Da na dawo da la'asar, na iske ɗaki buɗe, ampul a mace, katakon da nake aza tsirran wayam. Panona na bisa amalanke, an ɗaure shi da igiya. Tsirran kuwa suna bayan gida, inda Yaya ke rainon irin albasa. Ya jera su a hili, ya barbaɗa masu takin awaki, ya ba su ruwan rijiya sun sha sun ƙoshi. Abin da zai yi ma nashi ya yi masu, har da na musamman. Ganyen sun yi fari sun lanƙwashe kamar an tsoma su cikin tafasasshen ruwa.

Ya taho yana murmushi.

"Ka gani? Na hidda maka su. Kwana biyu su saba, su yi ƙarhi."

Ban taɓa maida ma Yaya magana ba tun da anka haihe ni. Ko rannan ban ɗaga murya ba. Na je na kwance igiyar, na aza panon ga kaina, mutum mai hurhura, na tsaya gabanshi.

"Yaya, rabona na gonar baba kai ke nomawa, kuma ban ce a raba ba. Hannuwana naka ne, gobe in ka so ni da guga za mu kwana biyu cikin garkarka. Amma wanga, a'a."

"Saboda abin da ba a ci?"

"Saboda shi. Duk abin da na taɓa shukawa, ko an zuba shi buhu, ko na wani ne. Wanga nawa ne, kuma dubawa kawai za a yi."

Maƙwabta sun taru. Wani ya yi dariya. Sai taubashiyata ta kutsa ta tsakiyarsu, ta dubi tsirran, ta dubi Yaya, ta riƙe haɓa.

"Kai babban bawa, ashe ba ka da hankali? Wa ya taɓa hidda jinjiri da rana tsaka ya shafa mashi taki? Don ba kai ka yi naƙudar ba?"

Dariyar ta juya ta koma kanshi. Ita kuwa ta tahi ta dawo da bido, jarka cike da ruwan sama, wanda ta ɓoye tun damana don wankin kanta. Munka zauna cikin ɗaki muna wanke sayen ɗaya bayan ɗaya, tana zagina a hankali.

Mahi yawansu sun mutu. Na yi ta tsince su ina zubarwa. Na cika alkawari kuma, na ja guga cikin garkar Yaya har tahin hannuna ya kumbura, albasarshi ta kai. Huɗu sunka rage mani. Da hadarin farko ya taso, ɗaya daga cikinsu ta turo ɗan sabon ganye daga tsakiya, kore shar, ƙarami kamar kunnen ɓera.

Yanzu akwai kwaɗo ga ƙofar, makullin na wuyana. Yaya har yau cewa yake aikin banza ne, ni kuma ban ce mashi ƙarya yake ba. Wani dattijo ya tare ni kwanan baya, ya ce in ba a yi sa'a ba zan mutu ban ga takalmin nan ba. Na ce mashi to, a bar ma taubashiyata makulli, ita ta duba, ta ƙara dubawa. Na wuce na tahi na kunna masu rana.