Inna Buɗe-Taga

A unguwarmu babu wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Inna Buɗe-Taga muke ce mata, ita ma da shi take amsawa. Ungozoma ce, gajera, tana ɗingishi da ƙafar hagu, ga baki kamar reza. Ni tela ce, shagona yana ƙasan benen da take zaune, ni nake yayyanka mata tsofaffin zannuwa ta tafasa su don aikin haihuwa. Shi ya sa na san ta fiye da yadda take so.

Da yaƙi ya ƙare, bango uku ya rage wa asibitin unguwa, awaki ne ke shan inuwa a ciki. Duk mai ciki sai ta koma hannun Inna. Jakarta baƙa ce, hannun jakar ya tsinke na ɗinke mata ya fi sau biyar. Almakashi ne a ciki, da zare, da sabulu, da safar hannu da take wankewa tana shanyawa har ta yi fari fat.

Ga inda sunan ya samo asali. Da jariri ya faɗo ya tsala kuka, kafin ma ta wanke hannu, sai ta nufi taga ta buɗe. Tagoginmu kuwa ba gilashi, kwali ne da buhu, don haka buɗewar Inna fizgewa ce. Wani magidanci ya taɓa ce mata, "Haba Inna, da ƙyar fa na samo kwalin nan." Ta ce, "Ka iya samo ɗa, kwali ne zai gagare ka?"

Baƙo zai ce rigima ce. Mu mun san dalili. Yaƙi ya koya mana shiru, har mace ta yi naƙuda tana cije da bakin zane don kada a ji ta a waje. An daina harbi, amma shirun bai bar mu ba. Mace sai ta wuni a durƙushe ko uffan, a kira Inna a makare. Tana shiga take faɗa: "Yi ihu, 'yar nan! Wa kike ɓoye wa?"

Akwai abin da ba ma faɗa a gabanta. Wata rana da rana tsaka, a shekara ta uku ta yaƙi, mu kusan ashirin muka ɓuya a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, masu bindiga suna bi gida-gida. Matar mai walda tana rungume da ɗanta na kwana tara, wanda Inna ta karɓi haihuwarsa. Muna jin takun takalmansu na but a saman kanmu yaron ya fara kuka. Inna ta ce a hankali, "Rufe masa baki." Ta rufe. Da takun ya yi nisa ta ɗaga hannu, yaron bai sake motsi ba. Dukanmu mun tsira. Ina wurin, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin da Inna ta faɗa shi ne a zuciyata, ita dai ta riga ni.

Tun daga ranar, in matar ta hango Inna sai ta canza hanya. Inna mai bakin nan ba ta taɓa ce mata komai ba. Tausayinsu su biyun yakan hana ni sakat.

Bayan shekara huɗu matar ta sake samun ciki. Wata safiya mijin ya faɗo shagona yana haɗa gumi. Ya ce, "Yaya, tun ɗazu take durƙushe, ko nishi ba ta yi, kuma ta rantse kada a kira Inna." Na hau sama da gudu, na tarar Inna ta riga ta rataya jaka. Ashe ta taga take lissafa mata watanni.

Muna shiga gidansu matar ta ce, "Ba ke ba."

Inna ta ce, "Ki tsane ni gobe. Yau aiki ne."

Kafin azahar aka samu mace, ta callara kuka. Inna ta yanke cibiya, ta naɗe ta, ta kwantar kusa da uwar. Uwar ta tura hannuwanta duka biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta juya fuska bango. Ta ce, "Ku ɗauke ta. Hannuna ba shi da kyau."

Inna ta je ta fizge kwalin taga. Kukan ya fita har titi. Can sai muka ji taku a matattakala, mutane da yawa suna hawowa da sauri. Na ga idon matar ya sauya. Kafin in ƙifta, hannunta ya fito ya nufi bakin jaririyar. Inna ta cafke shi a sama.

"Saurara da kyau," in ji Inna. "Silifas ne, ba but ba. Maƙwabta ne suka ji kuka."

Matar ta saurara. Silifas ne kuwa, faɗat-faɗat, har da muryar mai kayan miya tana tambaya mace ce ko namiji.

Inna ba ta saki hannun ba. Ta ce, "Ranar nan hannunki ne, amma bakina ne. Ni na ce ki rufe. Yau ni nake ce miki ki bar ta." Ta ɗauki hannun ta sa shi ƙarƙashin kan jaririyar. Matar ta buɗe baki ta yi ihun da ta riƙe shekara huɗu. Ni ma na yi kuka, ban ji kunya ba.

Har yau matar ba ta gaida Inna, Inna kuma ba ta nema ba. Yarinyar shekararta uku yanzu, babu mai tsiwa irinta a layinmu, in ta fara ihu ko ƙarar keken ɗinkina ba na ji. Ban taɓa jin uwar ta ce mata yi shiru ba. Inna kuwa ta mayar da kujerarta jikin tagar da ke kallon gidansu.