Kuɗin Kamfe da Kawuna Ya Ƙi Karɓa a Ɗaki

Shekarun baya, zamanin da jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar nan, kowa ɗanta ne ko ya so ko bai so ba, yayan mahaifiyata ne yake wakiltar yankinmu a majalisar dokoki. Mutanen Zongo Depite suke ce masa, wato ɗan majalisa da Faransanci, ni kuwa Kawu. Kafin ya shiga siyasa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya daɗe yana koyarwa a unguwar Bè da ke Lomé. Shi ya sa idan kuna tafiya tare sai ka ga ƙaton magidanci ya diro daga kan keke yana rusunawa, yana cewa, "Mushe, kun tuna ni?" Mushe shi ne malam a Faransancinmu na Zongo. Kuma yawanci yakan tuna, har da bencin da mutumin yake zama.

Shigarsa majalisa ta farko ba ta ci masa ko sisi ba. A lokacin jam'iyya ce take tsara sunaye, mu namu mu je mu ce mun yarda. Da wa'adi ya ƙare sai aka canza tsari: jam'iyya dai tana nan ita kaɗai, amma mutum biyu ko uku suna iya neman kujera guda. A nan ne muka fara sanin cewa zaɓe yana cin kuɗi. Wanda ya fito takara da Kawu matashi ne mai hali, kafin mu farga atamfa mai hotonsa ta cika gidajen suna da na biki, buhunan shinkafa suna shiga lunguna, motarsa mai lasifika tana zagaye tun safe. Kawu kuwa albashinsa bai taɓa kai tsakiyar wata ba. Yau kuɗin makarantar ɗan wani, gobe likkafani, jibi takardar magani.

Ni a lokacin ina aiki a ofishin wani Alhaji mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, yana kuma da manyan motoci masu zuwa arewa. Na yi karatun Faransanci daidai gwargwado, ina da kwat guda ɗaya da nake ji da ita, har a zafin Lomé ba na cire ta. Gani nake duk Zongo babu wanda ya fahimci siyasar zamani kamata. Na yi aure bai daɗe ba, matata tana da ciki.

Wata safiya maigidan nawa ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa. Ya ce, "Na ji Depite yana shan wuya. Bai kamata dattijo irinsa ya sha kunya a hannun yaro ba. Ka gaya masa ni zan ɗauki komai. Hotuna, atamfa, mota, makaɗa. Ya zo gida mu zauna, mu biyu."

Na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Akwai abin da zan ce masa kuna buƙata?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wannan tsakanin manya ne."

Na fito kamar in tashi sama. A cikin tasi har na fara hango kaina a matsayin wanda ya ceci kujerar Kawu, wataƙila ma a ba ni ofishi a majalisa da sakatariya.

Na iske Kawu a ƙofar gida yana cin dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi. Na zayyana masa komai, ina haɗawa da Faransanci don maganar ta yi nauyi. Ya saurare ni har na gama, ya wanke hannu, sannan ya ce, "To, Mushe, ka gode mini masa. Amma ka ce masa ni ba na karɓar gudummawa a ɗaki. Ya zo nan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci."

Na ce, "Kawu, ai ba haka ake yi ba. Manyan mutane ba sa son a ga hannunsu."

Ya ce, "Shi ne abin da ke damuna da hannun."

Na rasa yadda zan isar da saƙon, sai na gyara shi. Na ce wa Alhaji Depite yana so ya karrama shi a gaban jama'a. Ya ji daɗi ƙwarai.

Ranar Juma'a ƙofar gidan Kawu ta cika kamar kullum, an shimfiɗa tabarmi a inuwa. Akwai dattawan unguwa, akwai na'ibin liman, mata kuma suna daga gefen zaure, har da mahaifiyata. Alhaji ya iso cikin farar mota, direbansa na biye da shi da jakar fata ta kuɗi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa. Kawu ya miƙe ya yabi Alhaji, ya faɗi alherin da ya yi wa masallaci da marayu, kuma duk gaskiya ne. Sannan ya juya gare shi cikin ladabi.

"Alhaji, na ji kana so ka ɗauke mini nauyin kamfe. Na gode, Allah ya ƙara arziki. Amma kujerar nan ba tawa ba ce, ta waɗannan ce. Saboda haka ina so su ji da kunnensu: idan na ci, me kake so in yi maka?"

Ni gumi ya jiƙa mini kwat ɗina har baya. Na tabbata Alhaji zai ce don Allah kawai yake yi, a yi tafi a watse. Ya dubi Kawu, ya dubi jama'a. Alhaji mutum ne mai son kansa, amma ba maƙaryaci ba ne, kuma ga na'ibi zaune kusa da shi. Sai ya ce, "Filin bakin titi nake so in yi garejin motocina. Takardun suna hannun hukuma. Kalmarka ɗaya ta isa."

Kowa ya san filin. Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo na tsakiyar gari aka kawo mu nan bayan gari, a wannan fili mata suka sake kafa rumfunansu. Masu koko da ƙosai, masu suyar wagashi, wato cuku, masu wake da shinkafa, duk direbobin arewa a wurinsu suke tsayawa. Babu mai takarda a cikinsu. Da yawa zawarawa ne, wasu tsofaffi, kuma sun riga sun ɗanɗani yadda ake wayar gari a ga rumfa a ƙasa.

Kawu ya nuna gefen zaure ya ce, "Ga masu filin can. Idan sun ba ka, ni zan kai takardar da ƙafata."

Wata tsohuwa mai sayar da koko ta ɗaga murya daga cikin mata, "Alhaji, mu koma ina kuma? Cikin teku?"

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya miƙe, ya yi wa direbansa alama ya mayar da jakar mota. Kawu ya raka shi har bakin ƙofar motar, ya riƙe hannunsa yana cewa, "Zan taya ka neman wani fili can gaba, wanda babu kowa a kai. Wannan ba sai ka biya ni ba." Alhaji ya zare hannunsa, ya shiga mota.

Ranar Litinin na je aiki na tarar da wani a kan teburina.

Na koma gida da zuciya, na wuce kai tsaye wurin Kawu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya kunyata mutum a banza, ya jefar da kujerarsa, ni kuma ya raba ni da abincina ga matata ta kusa haihuwa. Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya ce, "Na cuce ka, ɗana, kuma ban yi tunaninka ba sai da na ga fuskarka ranar. Ka yafe mini wannan. Amma ko yau aka sake, haka zan yi." Sannan ya ce in kawo matata gidansa mu riƙa cin abinci tare har in samu abin yi. Mahaifiyata da na kai mata ƙara cewa ta yi, "Cire rigar nan ka sha iska, kanka zai dawo daidai."

Abin bai tsaya nan ba. Alhaji ya koma wajen abokin takarar Kawu, sai magana ta fara yawo cewa Depite yana tara mutane a ƙofar gidansa yana zagin manya. A wancan zamani irin wannan magana ba wasa ba ce. Ba a jima ba aka aiko kiransa daga ofishin jam'iyya. Da safen ranar na gan shi yana sa sallaya da asuwaki da riga ɗaya a ƙaramar jaka, don wanda aka kira irin wannan kira ba lallai ne ya kwana gida ba. Matarsa tana kuka a ɗaki. Duk fushina ya tafi. Na raka shi, na zauna a gindin wata bishiya a tsallaken titi ina kallon ƙofa, ban iya cin komai ba.

Bayan la'asar ya fito, da jakarsa a hannu, yana tafiyarsa a hankali. Na ce, "Kawu, me suka ce?"

Ya ce, "Sun ce ina tayar da hankali. Na ce su nuna mini inda dokar jam'iyya ta hana mutum karɓar kyauta a gaban jama'a, in ya so in daina. Ɗaya daga cikinsu ɗalibina ne, ya kasa ɗaga kai. Sun ce in je, amma kada in sa ran jam'iyya za ta ba ni ko litar mai." Sai ya dube ni ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Ya sayar da motarsa a makon nan. Da kuɗin aka buga 'yan hotuna, baƙi da fari, ba su ma fito da kyau ba. Sauran abin da aka yi kamfe da shi duk a kan tabarmin ƙofar gida ya shigo, kuma kowa sai an yi masa tambayar nan. Mai gidan burodi ya ba da aron motarsa ta buɗaɗɗen baya, Kawu ya ce, "Me kake so in yi maka?" Ya ce, "Ku dawo mini da ita da ƙafa huɗu." Wani masunci ya taso tun daga garin Baguida da kwandon kifi, ba Musulmi ba ne, ba ma a yankinmu yake zaɓe ba, ya ce Mushe ne ya hana a kori ɗansa daga lakwal. Matan bakin titi suka ɗauki nauyin abincin duk inda za a yi taro. Akwai waɗanda suka faɗi buƙatarsu, Kawu ya ce wannan zan iya, wannan ba zan iya ba, wasu suka tafi da kayansu.

Ni ne direba. Mutumin da ya hango kansa a ofis da sakatariya, ga shi yana tura motar burodi a cikin yashi, warin yis yana bin sa har gida. Lasifika ba mu da ita, sai wani ladani mai ƙarfin murya da yake tsayawa a baya yana shela da Hausa, wani ɗalibin Kawu yana maimaitawa da yaren Mina.

Da ƙyar ya ci. Da ƙyar ƙwarai. Da aka faɗi sakamako a rediyo mata suka yi ta guɗa, shi kuwa ya shiga ɗaki ya yi barci, ya ce ƙafafunsa ciwo suke yi. Bayan nan ya sake komawa majalisa, ya zauna a kujerar har tsufa ya sa shi ajiye ta da kansa, kuma bai taɓa canza tsarinsa ba. Filin bakin titi ya samo wa mata takarda da sunan ƙungiyarsu. Ni ban koma wurin Alhaji ba. Na sha wuya na ɗan lokaci, daga baya na buɗe ƙaramin ofishina na fito da kaya, da shi na rene 'ya'yana.

Ba zan ce muku Kawu gwarzon da ya ja da gwamnati ba ne. Ya yi tafi inda ake tafi, ya ɗaga hannu ga dokokin da a gida yake tsaki a kansu, kuma titin cikin unguwa da ya yi alkawari har ya bar majalisa ba a zuba masa kwalta ba. Zamanin bai ba mutum fili mai yawa ba. Amma ɗan filin da ya samu ya tsaya a cikinsa da ƙafafunsa, kuma na ga abin da hakan ya ci masa, na ga abin da ya ci mini.

Shi da Alhaji sun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai da ciwon ajali ya kwantar da Alhaji, 'ya'yansa suka fara kallon juna a kan motoci da gidaje tun yana numfashi, sai ya aika a kira Kawu. Ni na kai shi. Alhaji ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya tara 'ya'yansa da ƙannensa, ya ce idan ya mutu Depite ne zai tsaya tare da malamai a raba gadonsa.

Babban ɗansa ya ce, "Baba, mutumin da ya tozarta ku a gaban mutane?"

Alhaji ya ce, "Shi fa. Na yi ta sayen mutane a garin nan tun ba a haife ka ba, na san farashin kowa. Shi kaɗai ne ban samu nasa ba."

Kawu ya sunkuyar da kai, na ga hawaye na sauka a gemunsa. Muka kamo hanyar komawa gida. Can ya ce, "Da na san yadda zan yi in hana shi filin nan ba tare da na ba shi kunya ba, da na yi. Har yau abin yana damuna."

Duka biyun sun rigaye mu, Allah ya jiƙansu. Ni kuwa yanzu na kai shekarun da Kawu yake da su a lokacin, kuma sai yanzu na gane cewa ƙin karɓar jakar ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne ka ƙi, ka ci nasara, duk gari na yabonka, amma ka kwashe shekaru kana jin nauyin mutumin da ka hana.