Zazzaɓin Tauraro

A tashar Filinge, gefen ƙwaryar Mas'uda mai hura, wata baƙuwa na zaune tun hantsi tana jiran motar Yamai. Tabarau gare ta, da jaka irin ta 'yan jami'a. A cinyarta akwai takarda mai miƙaƙƙen layi da ɗan rami a tsakiya. Tana auna ramin nan, ta sake aunawa. Hurar da ta saya ko taɓawa ba ta yi ba.

"Ɗiyata, mi kike awo haka?" in ji Mas'uda.

"Inna, wata duniya ce ke gittawa gaban tauraronta, sai haskensa ya ɗan ragu. Zurfin ramin nan ke nuna girmanta."

"Ashe tauraro ma na zazzaɓi kamar wata. Mu da, kwano muke bugawa har a sake shi."

Baƙuwar ta murmusa, ta ƙara ƙudundunewa a mayafi, alhali rana ta take. Mas'uda ta ƙare mata kallo. Wataƙila ganin gida ta zo, sauron damina ya yi mata guzuri. Zazzaɓin can ƙuryar sama ta gano shi, na jikinta ne ba ta auna ba.