Inna Baturiya da Turun Gwadabe

"Ba ka fita da yarinyar nan, Gwadabe! Sauke turun nan kafin ya faɗo maka a ƙafa."

"Inna, a jininsu yake! Uwarta da haukan ta mutu, kowa a garin Ƙofa ya sani. Mu sa ƙafarta a turu, mu karɓi ɗanmu tun bai tsotsa a nono ba."

Ni Asibi ina bayan danga ina ɓarar gyaɗa, kunne kuwa ba shi da ƙyaure. Yarinyar da ake wa wannan rigima ita ce Maijidda, matar ƙanen Gwadabe. Mijin ya tafi haƙar kuza Jos tana da tsohon ciki. Da ta haihu babu uwar da za ta koma wa wankan jego, dangin miji kuma don gudun bakin mutane suka kulle ta a ɗaki ita kaɗai. Kwana tara ba barci, ba mai ce mata sannu, sai ta fara amsa wa muryoyin da ba wanda ke ji. Inna Baturiya ungozoma ta je ta ɗauko ta, ita da jaririn, ta kai gidanta.

Wanda bai san Inna ba, ga ta. Shekara arba'in ke nan, tana idar da sallar asuba tukunyar ruwan zafi na kan murhu. Ta dama kunun kanwa, ta ɗau sandarta ta bi gidajen masu jego ɗaya bayan ɗaya. Yanzu idon ya yi rauni, ta ce bana za ta ajiye aska. Bakin dai bai yi rauni ba, Gwadabe shaida ne.

Ta dube shi ta ce, "Kai manomi ne ko ɗan rakiya? Irin wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe dawa, ba a gonarka yake kwance ba? Me ya sa ba ya tsirowa inda ka zuba taki, sai inda ƙasa ta gaji? To haka gadon ciwon nan yake. Ban ce babu shi ba. Amma Dije yayar Maijidda, nono ɗaya suka sha, haihuwarta bakwai lafiya lau. Ita wannan ku kuka gajiyar da ƙasar."

Ba a bakin malami ta ji wannan ba, idonta ya gani. Rufa'i na Badafi, da ya dawo daga yaƙin Bama shekara goma da suka wuce, da tabar wiwi a aljihu da ƙarar bindiga a kunne, wa ya taɓa jin hauka a zuriyarsu? Da hankalinsa ya taɓu aka ce iska ce. Inna ta ce a raba shi da tabar, a ba shi fartanya da abokan hira, a daina kiransa da sunan ciwo. Yau shi ke yi mata jinkar ɗaki. Hasana ta rugar Falgore, annoba ta share shanunsu, ta shiga daji tana kiran kowace saniya da sunanta. Wata huɗu ta yi a tabarmar Inna. Ba duka suka warke ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba wanda ya bar gidanta da tabon turu a idon sawu.

Ke ce, Inna, inuwar da ba ta tambayar asali. Ke ce kika ce mai taɓin hankali ɗan mutane ne, ya ci a akushin da kowa ke ci. An ce kina tara mahaukata, kika ce gara su da masu hankalin da ke jifansu. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Ga Maijidda can, wata bakwai ke nan, da goyonta tana daka. In muryoyin suka dawo takan zo ta gaya miki, ba ta ɓoyewa. Ku kuma matan Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, in kun ga mai jego ta yi shiru, ku shiga ku zauna da ita. Surutun da muke yi a bakin rijiya, mu kai shi inda zai yi magani.

Af, ban ƙarasa muku da Gwadabe ba. Ya ce shi dai jini jini ne. Inna ta ce, "To madalla. Ni na yanke maka cibiya, na san gidanku ciki da bai. Baffanka Balarabe, wanda ke yi wa kukar kasuwar Kiru huɗuba, jinin wa ne? Miƙo ƙafarka mu fara gwada turun."

Ta ja turun da kanta ta cusa ƙarƙashin tukunyar wankan Maijidda.

"Itacen ƙirya ne, yana ci da kyau. In akwai saura ka kawo."

Gwadabe ya juya, ya fice, ya banko ƙyauren zaure har ƙasar bango ta zubo.