Layi a Wuyan Baba

Da na samu gurbin karatu a sashen zane na kwaleji, ce wa Baba na yi zayyana za a koya mana. Ban yi ƙarya duka ba, akwai kwas ɗin rini da na ƙawata rubutu. Abin da na ɓoye shi ne kwas ɗin zanen mutum, wanda dole ne, in ba ka ci shi ba babu takardar kammalawa.

Baba malamin allo ne a Yako. Ko kalanda mai hoton tsuntsu ba ta kwana a zaurensa. Tun ina ƙarama nake jin yana cewa duk mai zana abu mai rai za a ce ya hura masa rai ranar ƙiyama. Saboda haka tsorona biyu ne, na Baba da na abin da Baba yake faɗa.

A shekara ta biyu lakcaranmu ya ba mu aikin hutu: fuskar dattijo, da gawayi, kuma kana kallonsa, ba daga hoto ba. Dattijan garinmu kuwa duk abokan Baba ne, ko wa na tambaya, kafin la'asar labari ya kai zaure. Sai na yi wautar da har yau nake mamaki. Na zana Baban da kansa, ta kafar ƙofa, kwana huɗu, yana bitar karatu. Ko tari ya yi sai gabana ya faɗi.

Ranar da zan koma makaranta ya aika a ɗauko masa almakashi a jakata, aka kai masa jakar gaba ɗaya.

Da na shiga zaure takardar zanen tana kan gwiwarsa. Na durƙusa, na riga na ga ƙarshen karatuna.

"Wannan ita ce zayyanar?"

"Baba, a gafarce ni. In ban kai ba, ba za su ba ni takarda ba."

Ya daɗe yana kallon fuskarsa a takardar, har tabon da ke goshinsa ya shafa. Sannan ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja layi baƙi ƙirin a wuyan hoton, daga gefe zuwa gefe.

"Yanzu ba mai rai ba ne. Gara a yanke wuyana a takarda da a tsayar da ke gobe ƙiyama. Ɗauki ki tafi."

Lakcara ya ɗaga aikin a gaban aji ya ce wa ya ɓata mini shi. Na ce mai fuskar. Sai ya ba ni makin da ya isa in tsallake.

Baba ya rasu kafin in kammala. Ƙannena kan zo su ce in nuna musu zanen, don ba mu da wani hotonsa. Su fuskar suke kallo. Ni kuwa layin nake fara gani, kuma har yau ban sani ba ko ya isar mini.