Muryar Baba a Sabon Faifai

Tun ranar da Baffa ya shigo gidanmu da ledar lemo na san akwai wata a ƙasa. Baffa ba ɗan'uwan Baba ba ne, shugaban ƙungiyarsu ta waƙa ne, wadda ta yi tashe a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, tun ban san kaina ba. Su biyar ne, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Mutumin da bai leƙo ba lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, yau shi ne da lemo? Ruwa ba ya tsami banza.

Wai za su sake haɗuwa su yi wasa a gaban jama'a, a ɗauka, a fitar da faifai. Na ce, "Baffa, da wace muryar?" Baba ya harare ni. Ni kuwa gaskiya na faɗa, tun ciwon nan in ya ja baiti ɗaya numfashi ke yanke masa. Baffa ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ki bar wa Allah."

Zargina shi ne fuskarsa kawai suke so a jikin fosta, su kashe masa makirufo ya yi ta motsa baki kamar mai taunar goro. Don haka ranar wasan, a wani ɗakin taro a unguwar Mokola, ban zauna cikin mata ba. Na je na tsaya a kan mai injin sauti, wani Bayarabe mai tumbi, ina bin wayoyi da ido. Ya ce, "Anti, kilode?" Wato me ya faru. Na ce masa da Yarbanci ya yi aikinsa in yi nawa. Makirufon Baba a kunne yake, na tabbatar. Na kuma ji abin da ya fito: rawar murya, shaƙewa, rabin baiti. Tsofaffin 'yan goro da 'yan albasar kasuwar Shasha suka rufe shi da tafi da liƙi, wasu na share hawaye. Na koma gida ina jin kunyar zargin da na yi.

Sai faifan ya fito, ana tura wa mutane a waya. Muka kunna a tsakar gida. Da aka zo kan Baba sai ga murya garau, doguwa, ba gargada. Baba ya dafe ƙirji ya ce, "Kin ji ko? Kin ji? Ashe kunnenki ne ya yi miki ƙarya a wurin!"

Ni dai jikina bai ba ni ba. Na shige ɗaki na yi ta maimaitawa. Can ƙarƙashin tafin, a baiti na uku, sai na ji kukan jariri siriri. Wallahi na san kukan nan. A tsohon kaset ɗinsu yake, wanda suka ɗauka a zaurenmu, duk sanda aka zo wurin Inna takan ce, "Ke ce nan, fitinanniya." Wato muryarsa ta da suka ciro suka ɗora a kan tafin bana.

Ko mayafi ban daidaita ba na isa rumfar Baffa. Na ce, "Baffa, ku ji tsoron Allah! Wannan ai ha'inci ne."

Bai musa ba. Ya ce, "To me kike so mu fitar? Abin da kika ji a Mokola? Shi jikokinsa za su riƙa ji bayan ransa? Ga hanya nan, je ki faɗa masa."

Maganar tasa ta ƙara ƙona min rai. Na kamo hanya ina ƙwafa, na ce yau sai na faɗa, komai ta fanjama fanjam.

Na tarar da Baba zaune a bakin gado yana cin tuwo da hannunsa, rabon da in ga haka har na manta. Ya sa an ciro masa babbar rigarsa daga akwati. Ya ce, "Yauwa, zo. Wani Alhaji daga unguwar Bodija ya ji faifan ya aiko. Ranar Asabar zai yi bikin ɗansa, ni kaɗai yake so in yi masa waƙa, ban da Baffanki. Na amsa."

Na ce, "Baba, kai kaɗai?"

"Ni kaɗai mana. Kai rigar nan wajen mai guga, ki ce ya sa sitaci sosai."

Na ɗauki rigar. Har na kai ƙofa na juyo, maganar tana bakina. Ya lumshe ido yana gwada baitin farko, ya tsaya ya ja numfashi, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ya buɗe ido ya ce, "Mura ce kawai, kafin Asabar ta sake ni. Yi sauri kar ya rufe."

Na kai rigar.