Darar Bukkar Agana

Ranar wata Laraba cikin bazarar 1953, saura kamar wata biyu a kama azumi, aka ɗora ni a kan jaki aka fitar da ni daga gidanmu na unguwar Sintali, an lulluɓe ni da tsohon zanen mahaifiyata. Shekarata goma. Matan da ke dawowa daga kogi da tuluna a ka suna hango mu sai su ratse cikin ciyawa, yaran da muka yi langa da su makon jiya suka maƙale a bayan danga suna leƙe. Mahaifiyata ta biyo mu har zaure aka riƙe ta. Baba ne ke jan jakin da doguwar igiya, kuma har muka bar gari bai waiwayo ba. Agana ce ta kama ni, cutar da a lokacin ko sunanta ba a son kira, sai a ce yaro ya yi ado. An riga an kafa mini bukkar kara a gefen gonarmu, can bayan gari, inda ba mai wucewa sai awaki.

Baba baduku ne, kakanninsa daga Zariya suka zo. Kube, laya, takalmi, jakar mafarauta, ba abin da hannunsa bai iya ba, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga mutum zaune hannu rabbana. Ni kuwa ina aji biyu a elementare, in na taso in yanko wa akuya ciyawa, in ɗebo ruwa, in zauna ina murza masa zare. Duk ina yi, amma rabin hankalina yana gindin wata tsamiya a bakin Kasuwar Jalingo, inda dattawa ke dara. Gidaje talatin ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gida shida. Wannan ya riƙe tsakuwa goma sha biyu, wancan guntayen kara goma sha biyu, a zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsawa. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. Sarkin wurin shi ne Bappa Yero, wani tsohon Bafulatani da shanunsa suka ƙare tun ban zo duniya ba, ya dawo gari ya rungumi dara. Wata rana Baba ya aike ni sayen karan dafi na rina fata, na tsaya kallo har rana ta karkata. Ban ankara ba sai na ji kunnena a hannunsa. Bai tsaya a kaina ba, ya dubi Bappa Yero a gaban jama'a ya ce, "Tsofai-tsofai da ku kun rasa abin yi sai tonon ƙasa kamar kaji, kuna lalata 'ya'yan mutane." Tsohon ko kai bai ɗaga ba, ya matsa tsakuwarsa. Ni kuma a gida na sha dukan da har yau in na tuna sai na gyara zama.

Ba a yi wata biyu da wannan ba na kwanta. Masu lamba, wato masu rigakafin agana, sun zo unguwarmu a shekarar da ta gabata, amma kakata, Allah Ya jiƙanta, ta cusa ni cikin rumbu wai kada Turawa su tsaga mata jika. Na sha ƙaiƙayin dawa na yini guda, na tsira daga lamba, ban san ƙaiƙayin gaske yana gaba ba.

Wadda ta yi jinyata ita ce Goggo Dudu. Ba danginmu ba ce, Bafulatana ce. Agana ta taɓa kama ta tun tana budurwa, ta bar mata zanzana a fuska, ta tafi da idonta na hagu, don haka ba ta tsoron ta sake kama ta, kuma duk gidan da cutar ta shiga ita ake kira. Hausarta irin ta mutanen daji ce, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, amma ba wanda ya taɓa kasa gane nufinta. Ranar farko ta durƙusa ta kawo fuskarta dab da tawa, ta nuna mini mataccen idon da yatsa ta ce, "Ɓingel am, ɗana, ka gani? Ciwo bai ci wannan ba, hannuna ta ci. Ka sosa, ka zama ni." Ta naɗe mini hannuwa da tsumma. Da ƙurajen suka cika suka fara nuna, na gane tsumma ba komai ba ne. Da haƙori nake kwance shi. In ta juya ta hura wuta ko ta je ɗiban ruwa, kafin ta dawo na kai hannu fuska. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi mini waƙar shanu, duk a banza.

Kullum da hantsi Baba zai zo ya ajiye ƙwaryar kunu a kan wani dutse, ya ja baya kamar taku ashirin, ya tsaya a inda iska ke fitowa. Nan ne iyakarsa. Daga nan zai ɗaga murya ya tambayi jiki, Goggo ta amsa daga bakin bukka. Rana ta biyar ta gaya masa gaskiya: idan ba a samo wa hannun yaron nan aiki ba, idonsa ba zai kai Juma'a ba. Ta ce ta tambaye ni abin da na fi so, na ce dara, ita kuwa ba ta iya ba. Ina kwance ina ji, na ce a raina yau ko ciwo ba zai hana ni shan zagi ba. Baba ya ɗauki ƙwaryar jiya ya tafi.

Washegari na ji ƙarar tono. Goggo ta janye ƙyauren kara, na leƙa, sai ga Baba tsugune a wurin tsayuwarsa, ya naɗe hannun riga, yana tona ƙasa da ƙotar wuƙarsa. Kamar kaza, in ji wani. Ya ce wa Goggo ta tona mini irinsu a bakin bukka, talatin, ta samo tsakuwa da kara. Dara biyu ke nan, tasa da tawa, kowa zai zuba 'ya'yansa da na ɗan'uwansa a gabansa. Matsalar ita ce yadda zan gaya masa inda na matsa, tun da gidajen dara ba su da suna. Shi ya yi dabarar, ya raɗa wa layukan sunayen wuraren garinmu. Layin da ke ɓangaren gari ya ce Sintali, na biye Turaki, na tsakiya Kasuwa, sai Kogi, sai Dutse, gidajen kuma a ƙirga daga gabas, ɗaya zuwa shida. Sai ka ji ana ƙwala murya a tsakiyar gona, "Turaki uku ya shiga Kasuwa uku!" Ni kuma in ɗauki karansa in matsa masa, in yi tunani, in mayar da tawa. Wani manomi ɗan ƙabilar Mumuye da ke haɗa kunyar doya a gonar maƙwabta ya ɗauka rabon gari muke yi, ya zo nesa ya tsaya yana saurare har ya gaji.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin wanda bai iya dara ba kamar Baba. Ya jera huɗu ya ce ya ci, in ce huɗu ba ci ba ne. Ya tsallake gida, in ce ba a tsallake. Kafin a yi haka na cinye shi, wasa uku kafin azahar, kuma ban ɓoye jin daɗina ba, don yaro bai san kara ba. Sai dai da zarar wasa ya ƙare, ƙaiƙayi ya dawo, hannu ya nufi fuska, Goggo ta yi ihu. Yana ji daga inda yake.

A rana ta uku da fara wasan abin ya canja. Muna tsakiyar wasa, na ɗana masa tarko, sai ya miƙe ya ce zai je ya duba rumfarsa ta kasuwa. Bai dawo ba sai la'asar, ya tsuguna, ya kira wata matsawa da ta toshe ni ta ko'ina. Na ƙura wa gidajen ido. Wasan da muke gamawa kafin kunu ya huce, sai ga shi ya kwana biyu. Ba ya cina, ni ma na kasa cinsa. Duk inda na buɗe hanya sai ya rufe, amma ya bar mini wata 'yar kafa da zan yini ina lissafi a kai. In rana ta kusa faɗuwa sai ya tsaya daidai inda wasa ya yi zafi, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Hamidu, ka yi tunani. Gobe ina jiran amsa." Haushi ya cika ni, in kwanta ina juya tsakuwa a kaina har barci ya ɗauke ni.

Sai kwanaki uku da ba na mantawa. Fatar idona ta kumbura ta rufe ruf, maƙogwarona ya cika da ƙuraje, murya ta tafi. Ƙaiƙayin da ke cikin idon nan, da an ba ni wuƙa da na sa. Ina jin Baba ya iso, ya yi sallama, Goggo ta gaya masa yaro ba ya gani, ba ya magana. Can sai na ji muryarsa, ba irin wadda na sani ba: "Kogi biyu ya koma Kogi uku." Goggo ta jawo ni bakin bukka, ta kwance tsumman, ta ɗora hannuwana biyu a kan gidajen. Da yatsa na riƙa lalube, wannan tsakuwa ce, wannan kara, wannan gida ba kowa. Kafin in gane inda kowa yake sai na bi talatin ɗin duka, in na manta in sake daga farko. Da na samu amsa na raɗa wa Goggo a kunne, ta miƙe ta ƙwala, "Malam! Ta ce Kasuwa biyar ya tafi Turaki!" Na ji Baba ya ce alhamdu lillahi har sau uku, kai ka ce albishir aka yi masa da ɗa namiji. Haka muka yi kwana ukun nan, hannuwana suna ƙasa daga hantsi har magariba. Ranar da idona ya buɗe, abin da na fara gani shi ne ido ɗayan Goggo yana hawaye, bayanta kuma, can nesa, wani mutum tsugune a rana ba ko malafa.

Da ɓawon ƙurajen ya gama zuba aka yi mini wanka, aka cinna wa bukkar wuta da tabarma da zanen mahaifiyata. Ruwan farko ya shafe gidajen dara biyun, wasanmu na ƙarshe ba mu gama shi ba. Na koma gida da zanzana a fuska da idanuna biyu. Baba bai sake taɓa tsakuwa ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Abin da kawai na lura, in ya aike ni kasuwa na daɗe, ba ya tambaya.

Bappa Yero ne ya ba ni sauran labarin, ranar da na fara komawa gindin tsamiya. Ya ce ran nan suna zaune sai ga Baba, jama'a suka watse don an san daga ina yake. Ya tsaya nesa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Bappa, na zo a koya mini tonon ƙasa." Ya fito da wani guntun fata da ya huda wa rami talatin da basilla, ya zura jan zare a gidajena, baƙi a nasa. Kullum haka yake kawo wasan, ya shimfiɗa a ƙasa, ya ja baya. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗan baduku, sau nawa na nuna masa inda zai cinye ka, ya ƙi. Ubanka bai taɓa tambayata yadda zai ci ba. Tambayarsa ɗaya ce kullum: yaya zan yi kada wasan nan ya ƙare?"

Yanzu agana ta zama labari, jikokina in sun ga fuskata sai su tambaya ko ƙuruciya ce ta sa na faɗa cikin ƙaya. Mu tsofaffin da muka ajiye aiki muna da wata rumfa a unguwar Turaki inda muke haɗuwa bayan la'asar, mu yi ta gardama a kan wasanni. Makon jiya wani ya kawo sabuwar karta daga Yola, muka gwada, na ce wannan ta masu sa'a ce, ba ta masu tunani ba. Lido kuwa hayaniyarta ta fi daɗinta. Wanda jikana ya nuna mini a waya, kafin in gyara tabarau an ce an cinye ni. Duk suna da daɗinsu, ban raina ba, amma kowannensu sauri yake a gama a san gwani. In na dawo gida wani lokaci nakan buɗe tsohuwar jakar kayan aikin Baba, in fito da guntun fatar nan. Ta bushe, zaren ya koɗe, amma wasan yana nan yadda muka bar shi, kuma ni ne da matsawa. Na daɗe da sanin amsar. Na gode wa Allah, na gode wa Goggo Dudu da Bappa Yero, na gode wa mutumin da ya tsuguna a rana, da idanun da suka bar mini nake kallonta. Ban matsa ba, kuma ba zan matsa ba.